Shekarar da Rahila Ta Daina Addu'a

Cikin duk shekarun da na yi ina aikin katikis, akwai wata ranar Asabar da ba ta taɓa fita daga raina ba, ranar da na tarar da Rahila matar Dauda ita kaɗai a cikin coci. Tunda ku sababbin katikis kun ce in ba ku labari guda kafin a rarraba ku ƙauyuka, wannan zan ba ku. Amma sai na faro daga baya.

A lokacin an tura ni Gidan Barde, wani ɗan ƙauye da ke bayan Rurum a ƙasar Rano. Kiristocin wurin gidaje ne kaɗan, duk manoma, kewaye da maƙwabta Musulmi da rugar Fulani a gefen rafi. Cocinmu ginin ƙasa ne da rufin kwano. Fada, wato limamin coci, shi ɗaya ne ke kula da ƙauyuka masu yawa, daga wajenmu har ƙasar Kibiya, saboda haka sai a yi wata guda bai zo ya yi mana babbar ibadarmu ta Mas ba, da damina ma har fiye. A tsakani katikis ne ke riƙe da jama'a. Ba ya yin Mas, ba ya sauraron furcin zunubi, waɗannan na Fada ne. Nasa shi ne ya jagoranci addu'ar Lahadi, ya karanta Bishara ya yi bayani, ya koyar da masu shirin baftisma, ya duba marasa lafiya, ya binne mamaci in Fada bai samu zuwa ba, sannan a ƙarshen wata ya je babban coci ya ba da rahoto.

Rahila ita ce shugabar matan zumunta. Ita ke jan Rozari duk ranar Laraba da yamma, wato addu'ar da muke yi da carbi muna neman Uwa Maryamu ta taya mu roƙo. Muryarta kaɗai ta isa ta fito da mata daga gindin murhu. Ta sha ɓari kafin Allah ya ba ta 'ya mace guda ɗaya, shi ya sa aka sa wa yarinyar suna Godiya.

Da daminar wannan shekarar, lokacin da gero ya fara fitar da kai, zazzaɓi ya kama Godiya. Tana wajen shekara shida. Aka sayo magani a Rurum, bai yi ba. Dauda ya ɗauke su a babur ɗinsa zuwa asibiti a Rano, aka ce jininta ya yi ƙasa, shi ya ba da nasa. Mu kuma a gida muka fara addu'ar kwana tara, wadda ikilisiya ke yi in tana da wata babbar buƙata. Ni na jagoranta. Coci ya cika har da waɗanda ba su cika zuwa ba, na tsaya a gaba na ce musu Ubangiji ba ya mayar da addu'ar mutanen da suka taru da zuciya ɗaya. Da gaske na faɗa, haka na gaskata.

Ba mu kai ƙarshen addu'ar ba yarinyar ta rasu. Rafi ya cika ya tare hanya, Fada bai iya zuwa ba, ni na binne ta. Maƙwabtanmu Musulmi suka taya mu haƙa kabari, mai unguwa ya zauna tare da Dauda wajen karɓar gaisuwa. Rahila ba ta yi kuka a bakin kabari ba. Ta tsaya kawai tana kallo har aka gama mayar da ƙasa.

Bayan an tashi daga zaman makoki, sai ta daina zuwa coci. Lahadi ba ta zuwa, Laraba ba ta zuwa. Na je gidansu da Littafi Mai Tsarki, ta shimfiɗa mini tabarma, ta kawo ruwa, ta zauna ta saurari duk abin da na karanta ba ta katse ni ba. Da na gama sai ta ce:

"Malam, kai ka ce mana ba ya mayar da addu'ar mutanen da suka taru. Mun taru. To ina amsar?"

A makarantar horon katikis an koya mana amsoshin irin wannan tambaya, kuma na haddace su. Amma takalman yarinyar na nan a gindin rumbu inda ta cire su, ba wanda ya iya ɗauke su. Na duba amsoshin nan ɗaya bayan ɗaya a zuciyata, na ga babu wadda zan iya faɗa a tsakar gidan nan. Na ce mata ban sani ba. Ta gyaɗa kai, ta ce ta gode da zuwa.

Ranar Asabar ɗin da na ambata, na je coci da hantsi don in jera benci saboda Lahadi. Tun daga nesa na ji ƙarar tsintsiya. Na leƙa, sai ga Rahila ta yayyafa ruwa tana shara, ta riga ta kakkaɓe yanar gizo daga tagogi. Na yi murna, na ce mata madalla, gobe ke nan za mu gan ta. Ba ta ɗago ba, ta ce a'a.

"Ni da Shi ba ma magana yanzu," ta ce. "Fushi nake yi. Amma ban yi yaji ba, Malam. Mace ko tana fushi da maigida ai ba ta barin gidansa da datti."

Ta gama, ta jingine tsintsiyar a bayan ƙofa, ta fita ba ta ko kalli wajen giciye ba. Asabar ta gaba ma haka, da wadda ta biyo.

Maganar ta kai kunnen kwamitin coci. Shugabansa, Baba Markus, dattijo ne mai tsoron Allah, kuma ba da mugunta ya ɗauki zancen ba. Ya ce Rozarin Laraba ya fara mutuwa, mata sun ragu, kuma ba a taɓa yin shugabar da ba ta zuwa coci ba. Abin da ya fi damunsa shi ne kalmar fushi. A ganinsa mutum ya ce yana fushi da Mahaliccinsa saɓo ne, in aka yi shiru yara za su ɗauka. Ya nemi a sauke ta a zaɓi wata, kuma a hana ta sharar har sai ta tuba. Ni kaina ban san gefen da zan tsaya ba, don rabin maganarsa gaskiya ce. Abin da na iya cewa shi ne sauke shugaba ba hurumin katikis ba ne, a jira in kai wa Fada.

Da ƙarshen wata na hau babur na tafi. Na zayyana wa Fada komai, ina jiran ya yanke hukunci. Sai ya fara da tambayar ko tana cin abinci, ko akwai matan da ke zuwa su zauna da ita, ko Dauda yana da wanda yake yi wa magana. Bayan na amsa, sai ya ce:

"Katikis, wanda ke fushi da Allah ya yarda akwai Shi, kuma ya yarda yana ji. Wanda nake jin tsoro shi ne wanda abin ya daina damunsa."

Umarnin da ya ba ni a fili yake. Kada a sauke ta, mataimakiyarta ta riƙe Rozari. Kada a hana ta shara. Kada in ƙara yi mata wa'azi sai in ita ta nema. In ci gaba da zuwa jera bencina ranar Asabar, addu'ar da ta kasa yi kuma in yi mata a ɗakina, ba a gabanta ba. Baba Markus bai ji daɗi ba, ya ce shi dai ya faɗi nasa, amma ya bi.

Haka muka yi ta yi har kaka ta wuce, aka yi Kirsimeti ba ta zo ba. Ina jera benci tana shara. Wani lokaci ba ma cewa komai bayan gaisuwa. Wani lokaci sai ta tsaya ta ba ni labarin Godiya, yadda take tone ɗanyar gyaɗa a gona ta ɓoye a bakin zani, yadda take yi wa awaki faɗa kamar wata tsohuwa. Nakan saurara kawai. Ni ma a watannin nan tawa addu'ar ta yi nauyi. Na fara auna kowace kalma kafin in faɗa a gaban jama'a, don na ga inda kalma ɗaya ke iya zuwa ta tsaya.

Akwai wata Bafulatana mai suna Hajjo da ta daɗe tana kawo wa Rahila nono daga ruga, har sun zama ƙawaye. Musulma ce, ba ta san abin da ke gudana a cocinmu ba. Da bazara, muna cikin Azumin da ake yi kafin Ista, ɗanta Buba ya kamu da zazzaɓin nan mai sanƙarar da wuya. Mijinta ya tafi da shanu kudu, saboda haka ta goyo yaron ta nufo gidan Dauda don ya kai su Rano a babur. Dauda ya gaya mini daga baya cewa har Hajjo ta hau, sai ta kamo hannun Rahila ta ce, "Ƙawata, ki roƙa mana Allah. Ke kin san wannan hanyar."

Ina gyara dangar gidana da la'asar sai ga Rahila, ko mayafi ba ta yafa daidai ba. Ta gaya mini abin da ya faru, ta ce an ba ta amanar da ba ta san yadda za ta sauke ba. Ta ce in zo coci in buɗe baki, nata ya yi nauyi.

Muka shiga muka durƙusa. Na fara addu'ar marasa lafiya kamar yadda take a littafi, ina barin gurbi inda ya kamata ta amsa, ba ta amsa ba. Na kai ƙarshe. Har na yi niyyar tashi, sai na ji muryarta, ƙasa-ƙasa, ba irin ta Laraba ba.

"Tawa Ka ɗauka, har yanzu ban gane ba, kuma ban huce ba. Amma Hajjo ba ruwanta da abin da ke tsakaninmu. Kada Ka sa ta shiga inda na shiga."

Iyakar abin da ta faɗa ke nan. Washegari ta dama kunu, ta tuƙa tuwo, ta sa Dauda ya kai ta asibitin, ɗakin da 'yarta ta cika. A can ta zauna da Hajjo, tana yi mata wanki da sayo magani, tana fassara mata maganar ma'aikata inda ba ta gane ba, har aka sallame su. Buba ya tashi, sai dai kunnensa ɗaya ya daina ji.

Na ɗauka za ta dawo da waƙa da shaida a gaban ikilisiya. Ba haka aka yi ba. Ta ce mini ranar da aka sallami yaron ta yi kukan da ba ta yi a bakin kabari ba. Ta yi wa Hajjo murna har cikin ranta, kuma abin ya yi mata zafi, don an amsa roƙon ƙawarta, nata ba a amsa ba. Ban yi ƙoƙarin warware mata wannan ba, ita ma ba ta nema ba.

Ranar Lahadin Ista ta shigo ana tsakiyar waƙa, ta zauna a bencin baya. Baba Markus da kansa ya tashi ya kai mata mafici. An daɗe kafin ta koma jan Rozari, kuma da ta koma salonta ya sauya. Ba ta taɓa ce wa uwar mara lafiya komai zai yi daidai ba. Cewa take, mu roƙa, kuma ina nan tare da ke ko me ya faru. Ba ta sake haihuwa ba. Amma har na bar Gidan Barde, in yaro ya kwanta a ƙauyen, na Kirista ko na Musulmi ko na ruga, ita ake fara aika wa. Bara na je gaishe su, ta tsufa, gwiwa ta hana ta durƙuso. Na tambaye ta ko ita da Ubangiji sun shirya. Ta yi dariya ta ce suna magana kullum, sai dai akwai zance ɗaya da ta ajiye sai sun haɗu.

Ga abin da na ɗauka daga wannan, ku ma ku tafi da shi. Katikis ɗan aike ne, kada ku yi alkawari da sunan Wanda ya aiko ku a kan abin da bai gaya muku ba. Kada kuma ku auna bangaskiyar mutum da ganinsa a benci ranar Lahadi, don za ku tarar da wasu suna riƙe da Allah ta hanyar da babu ita a littafin horonmu. Mutanenmu manoma ne, sun san shuka tana daɗewa a ƙasa ba a ga komai ba, kuma ba a tone ta don a duba. In kun je ƙauyukanku kuka sami wanda bakinsa ya rufe, kada ku ɓalle shi da ƙarfi. Ku yi masa addu'ar a ɗakinku, ku zauna kusa da shi, ku jira.