Katangar Afiniki a Bakin Layin Dogo

Afiniki 'yar Fadan Kagoma ce, aure ya kawo ta Kafanchan. Gidansu yana bakin layin dogo, daidai inda jirgin Jos ke rage gudu kafin ya shiga tasha. Mijinta ya rasu da wuri, ya bar ta da ɗa guda, Kumai, da doguwar katanga da ya gina don kada awaki su hau layi. Ayaba da gyaɗa take sayar wa fasinjoji ta taga, amma ita ba ta taɓa shiga jirgi ba.

Kumai ya shiga soja lokacin yaƙin basasa. Yaƙi ya ƙare, abokansa suka yi ta sauka a tasha, wasu da sanda, shi bai sauka ba. Ba gawa, ba labari.

Gab da Kirsimetin 1973, mata na ta yi wa ɗakuna kwalliya, Afiniki ta kwaɓa farar ƙasa da jar ƙasa da garin gawayi. Ta gama ɗakinta kwaɓi ya yi saura, sai ta zaga bayan katanga. Wasa kawai take yi. Ta tsoma tsumma ta ja farin layi tana tafiya, hannunta na hawa yana sauka yadda ya ga dama. Ta dawo ta bi ƙasansa da ja, ta ɗiɗɗiga baƙi a sama. Ba mutum a ciki, ba tsuntsu, ba fure.

Bayan biki, Simon mai zuba kwal a injin jirgi ya tsaya sayen ayaba.

"Mama, zanen nan na katangarki yana tafiya," in ji shi.

"Ɗana, zafin wuta ne ya taɓa maka ido."

"Ki shiga jirgi ki gani. Ni har na fara gudun kallon wajen."

Ta hau mota zuwa Kagoro, ta dawo a jirgi, ta zauna bakin taga. Da katangar ta zo, farin layin ya fara numfashi, jan yana matsowa yana ja da baya. Baƙin ɗigon kuwa ya zama guda ɗaya tak, yana bin jirgin, yana ɗan karkata hagu a kowane taku. Haka Kumai ke tafiya tun yana yaro. Ta buɗe baki za ta kira shi, katanga ta ƙare, sai ciyawa.

Daga nan ta roƙi maƙwabta bayan katangunsu, don tafiyar ta ƙara tsawo. Ta ƙara da'ira, ta ƙara layuka masu sarƙewa. Damina ta wanke, da rani ta sake zanawa. Wata rana wata Scholastica 'yar Kwoi ta sauko daga jirgi tana tambayar wa ya zana 'yarta da ƙyanda ta kashe. Ta ce ta gan ta tana tsallen igiya. Afiniki ta kai ta gaban katangar, suka tsaya suna kallon layuka da ɗigo, babu abin da ya motsa.

Maganar ta kai majami'a. Fasto Nicholas ya zo ya bi katangar daga farko har ƙarshe, hannuwansa a baya.

"Mama, ai ba ki zana kowa ba."

"Ban zana ba, Fasto. Amma yana wurin."

Sai ya yi mata addu'a, ya ce ta dawo zumuntar mata, an daɗe ba a gan ta ba. Ta koma, amma ba ta daina zanen ba.

A daminar 1978 ruwa ya kayar da tsakiyar katangar. Ta sake hawowa daga Kagoro, ta ga ɗigon ya taho har bakin giɓin ya faɗa, bai fito a ɗaya gefen ba. Aka ce za a gyara mata, ta ce a bari.

Ƙanenta ya zo ya mai da ita Fadan Kagoma. A can babu jirgi. Takan ja layi da kara a gefen hanyar gona, ta koma farkonsa, ta taho da sauri tana kallon gefe. Ƙafafunta ba su kai saurin jirgi ba. Ta rasu da kakar shekarar da ta biyo.