Lemun Inna a Rabin Tano

Shekara shida na yi ina renon bishiyar lemun tsami guda ɗaya a barandar gidanmu a Tanut, kuma cikin wuni ɗaya aka kashe mini ita da sunan taimako.

Ba lemun kasuwa ba ne. Daga gidanmu na Matamaye na zo da irinsa, ranar da muka tashi zaman makokin Inna, mahaifiyata. Tana da wata tsohuwar bishiya a bakin rijiya, na tsinki lemu biyar na ƙulle a gefen zane. Ba a yi wata uku ba ƙannena suka sare bishiyar suka gina shago a wurin. Cikin duk ƙwayoyin da na shuka, ɗaya ce tak ta fito.

Wanda bai zauna Damargu ba, ba zai san wahalar renon lemu a nan ba. Tsakar gidanmu rairayi ne, ka zuba ruwa kafin ka juya ya shanye, ga gara, ga kanwa. Don haka na raba tano, wato durom na roba, gida biyu, na ɗauki rabi na huda gindinsa, na jera tsakuwa, na cika shi da baƙar ƙasa da wani direba ya taho mini da ita daga kwarin Tarka. Na ɗora shi kan tsohon buhu don in riƙa jansa: da safe ya sha rana, da hantsi ya koma inuwar bango. A kan roba nake alwala don kada ɗigo ya ɓata. Ruwan wankin shinkafa ma na bishiyar ne. Kusa da ita akwai na'ana'a a gwangwanin madara, barkono a yankakken bido, wato jarka, da lalle a fasasshen tulu. Maƙwabta suna tsokanata wai Madam mai gona a kan siminti, ni ko a jikina.

A bazarar shekara ta shida ta yi fure. Na fito da asuba na ji ƙanshin bakin rijiyar Inna a barandata, na zauna kan turmi na yi kuka na ƙoshi.

A satin nan aka tura mu malaman lakwal, wato makarantar boko, wani horo na kwana bakwai a Damagaram. A satin kuma yayan maigidana ya zo daga Ollelewa neman maganin ido. Manomin hatsi ne, dattijo, mutumin da ba ya iya zama hannu banza. Kafin in tafi na yi wa maigidana bayani har sau uku: moɗa biyu da safe, moɗa ɗaya da yamma, a ja tano inuwa da hantsi. Ya ce ya ji.

Da azahar na dawo. Ina shiga na ga wurinta a baranda fayau, sai zagayen danshi inda tano yake zama. Tanon yana can wajen raguna, an dama musu dusa a ciki. Ita kuwa bishiyata tana tsaye tsakiyar gida, a ƙasa, cikin ranar da ko kaza ba ta yarda ta taka ba. An kewaye ta da ƙaya, an tula mata ɗanyen kashin awaki har rabin jiki. Ganyenta duk sun nannaɗe, furen ya zube.

Yaya yana kan tabarma a inuwa, fuska cike da fara'a.

"Malama, sannu da hanya," ya ce. "Kin ga na kwance miki ita. Tausayi ta ba ni wallahi. Itace a tano sai ka ce akuya a turke? Yanzu sai ta miƙe ƙafa."

Na durƙusa. Yayan miji ne, ba a tsaya masa a kai. Na ji bakina yana cewa, "Sannu da aiki, Yaya. An gode." Wannan godiyar ita ce ta fi ƙona mini rai, har yanzu ban yafe wa kaina ita ba.

A ɗaki na tare maigidana.

"Malam, kana ina aka yi wannan?"

"Ina nan. To yaya zan yi? Yayana ne. Da kyakkyawar niyya ya yi."

"Ka buɗe baki ka ce ba taka ba ce!"

"Ki rage murya, zai ji."

Damuwarsa ke nan, kada a ji. Da ɗan akuyar wani ne ya yi mini ɓarnar, da na kore shi da muciya kowa ya ce na yi daidai. Amma tunda mutum ne babba mai kyakkyawar niyya, ni ce za a ce in haɗiye. Shi da ya saba dashen hatsi cikin damina, ya tumɓuke ya soke ya wuce, ya ɗauka kowace shuka haka take. Kuma bai tambaye ni ba. Ba wanda zai shiga gonarsa ya taɓa masa kara ɗaya, amma tawa gonar tunda a tano take kuma ta mace ce, ai wasa ce.

Da la'asar na kori raguna, na wanke tano, na tone bishiyar da hannuna. Nan na ga sauran aikin: saiwar da ta ƙi fita ya datse ta da fartanya. Na tattara abin da ya saura na baƙar ƙasar, na mayar da ita, na rufa mata jiƙaƙƙen zane. Kwana tara ina kankare ɓawonta da farce ina duba ko da sauran kore. Rana ta tara na kankare har gindi, duk ya bushe.

Ranar ce Yaya zai koma ƙauye. Ya tsaya da jakarsa ya dubi busasshen itacen, ya girgiza kai.

"Ai da ma, Malama, ƙasar nan ba ta lemu ba ce," ya ce. "Ki shuka aduwa."

Na raka shi har ƙofa, na yi masa Allah ya kiyaye hanya. Na dawo na ɗauki tsintsiya don in samu abin da zan huce a kai. Ina sharar bayan tano, cikin busassun ganye, sai ga ɗan lemu guda ɗaya, bai kai ƙwayar gyaɗa ba. Ashe ta fara ɗaura 'ya'ya kafin a taɓa ta.

Na ɗauko reza na tsaga shi, ina addu'a. Na kai shi hasken rana, na juya shi, na sake juyawa. Bai kai ga yin ƙwaya ba.