Wasiyyar Ja

Kawuna shekara arba'in yana gyaran kujerun kushin, kuma duk kujerar da ta fito daga shagonsa abu biyu gare ta: ja ce, kuma in ka zauna sai an miƙo maka hannu kafin ka tashi. Shi ya sa ake ce masa Mai Rijiya. Sunan yana ƙona masa rai, amma bai san inda yake kuskure ba.

A bangon shagon akwai wani katako mai tsawon tafin hannu, da haƙoran ƙarfe shida a bakinsa, ya sha jan fenti har ya yi kauri. Maigidansa da ya koya masa sana'a ne ya danƙa masa shi yana kan gadon mutuwa, ya ce, "Ja... ja sosai." Daga nan bai ƙara magana ba. Washegarin jana'iza Kawu ya sayo jan fenti.

Amfanin abin kuwa, girman kai ya hana shi tambaya. Matarsa ta sosa baya da shi. Ni na taje gashin akuyarmu. Wani likita ya rantse na cire haƙoran doki ne. Kawu dai sai ya gyaɗa kai ya ce, "Sirrin sana'a ne." Har rigima ya yi da mai neman shuɗin yadi, wai ba za a sa shi saɓa wasiyya ba.

Rannan ina shagon sai ga matar marigayin, tsohuwa tukuf, ta zo gaisuwa. Kawu ya ba ta kujerar da ya fi alfahari da ita. Ta zauna, ta nutse, ƙafafunta suka koma sama. Daga can cikin ramin ta hango bango.

"Wa ya yi wa abin jan bel kwalliya haka?"

"Abin me, Inna?"

Muka ciro ta. Ta sa aka kifa kujerar, ga bel-bel ɗin da ke riƙe soso a ƙasa sun yi laƙwas kamar igiyar shanya. Ta cusa haƙoran a jikin bel ɗaya, ta tokare katakon da gefen kujera, ta danna. Bel ya miƙe ƙam. Ta ce, "Buga ƙusa. Kullum faɗan marigayi ke nan, yaron nan hannunsa na da kyau, amma ba ya ja."

Na so in yi dariya, wallahi, amma da na ga fuskar Kawu sai tausayi ya kama ni. Ya dubi jajayen kujerun da suka cika shagon, ya dubi faratansa da fenti ya rina. Ya ce a hankali, "Ashe gyara yake min. Ni na ɗauka zaɓinsa ne."

Sati guda ya yi yana haɗa mata sabuwar kujera, bai bar kowa ya taɓa ba. Da ya zo kan yadi, ya ɗauke ni muka je gidanta, ya durƙusa.

"Inna, yaya kike son ta?"

"Ja."

Idon Kawu ya ciko. "Wanne daga ciki?"

Ta dafa kansa mai furfura. "Duka biyun, ɗana. Ɗaya nasa, ɗaya naka."