Atamfar Buronya

Baba bai taɓa kai mu ko bakin rafi don shan iska ba, saboda haka ranar da ya ce za mu je ƙasar waje kallon kasuwar Buronya, wato Kirsimeti, ya kamata mu yi zargin wani abu. Ba mu yi ba. Mma, mahaifiyarmu, har kitso ta yi.

A Salaga ta ƙasar Gana muke zaune, Baba yana fataucin goro da duk abin da ya samu. Shekarun nan ne bayan yunwa, lokacin da sabulu ma sai da sanayya. Zannuwan Mma biyu ne, ɗaya a jikinta ɗaya a kan igiya, kuma ta daina zuwa suna da biki don kada a gane. Wannan abu yana ci mini rai tun ina ƙarama.

Muka hau bayan lori da buhunan doya zuwa Yendi, muka kwana gidan kawu, washegari muka kama hanyar Bawku. Daga can muka tsallaka Togo, zuwa Dapango. Ni dai ban taɓa ganin kaya haka ba: fitilu masu launi a kan rumfuna, balan-balan, zabi a ɗaure ƙafa-ƙafa, burodi dogo kamar taɓarya, gwangwanayen madara jere har sama. Ana ta kiɗa, ana ciniki da Faransanci. Ƙanena ya ga wani mutum da jar hula da gemun auduga, ya fashe da kuka.

Baba bai bar mu mun tsaya ko'ina ba. Kai tsaye ya wuce da mu layin masu atamfa, ya ce wa Mma, “Zaɓi wanda ya yi maki.” Ta ɗauki wata shuɗiya mai zanen tsuntsaye. Ya ce ta ƙara. Ya ce ni ma in zaɓa. Na ga Mma ta juya baya tana share ido da bakin mayafi.

Sai da muka koma masauki nufinsa ya bayyana. Atamfar da ke cikin kaya ana biya mata kuɗin fito a iyaka, wadda ke jikin mutum kuwa tufafinsa ce. Matan ’yan kasuwar Bawku sun riga sun yi oda. Aka naɗe mu turmi a kan turmi, ni da Mma da yayata, har ba ma iya sunkuyawa. Ashe mu ba ’yan yawon buɗe ido ba ne, jakunan ɗaukar kaya ne. Har yau in na tuna sai raina ya ɓaci, kuma abin da ya fi ƙona ni shi ne da ya bar ta ta zaɓa.

Shuɗiyar nan dai Mma ta ɗaura ta a sama.

A iyaka wani ɗan kwastan ya dube ta, ya kama gefen zanen da yatsa biyu. “Mma, wannan sabo ne, ba a yanka shi ba ma. Naki ne?”

Baba ya yi sauri ya ce, “Nata ne, ofisa, ni na saya mata na Buronya.”

Mma ta dube shi. “Maigida, nawa ne?”

“Naki ne mana.”

Sai ta kwance shi, ta sa haƙori a gefe, ta tsaga turmin nan gida uku a gaban kowa. Ta ɗaura ɗaya, ta goya ƙanena da ɗaya, ta naɗa na ukun a ka. Ɗan kwastan ya ce mu wuce. Da muka isa Bawku, Baba ya kwashe sauran ya kai wa masu su.

Da muka koma Salaga, suna na farko da aka yi a unguwa Mma ta je sanye da shuɗiyar nan, ta zauna a gaba. Baba kuwa har ya rasu yana ba baƙi labarin yadda ya kai iyalinsa ƙasar waje ya saya wa matarsa atamfa. Ban taɓa jin Mma ta gyara masa labarin ba. Ni nake gyarawa, duk inda na ji shi.