Hoton da Ba Kowa Ciki

Ni dai karatuna bai wuce aji huɗu na elementare ba, saboda haka wanda ya ga kuskure a rubutun nan ya kai ƙara wurin malamin da ya kore ni. Amma a zancen hoto kam, kada wani jika ya zo yana nuna mini waya. Ina ɗaukar hoton ruwa tun iyayensa na yawo ba wando.

A shekarun da motoci suka koma hannun dama, ɗinki nake yi a kasuwar Gusau. Akwai wani Ba'indiye mai koyarwa da nake ɗinka wa riguna. Da zai koma ƙasarsu sai ya bar mini kyamararsa, irin mai jakar fata, ya kuma nuna mini wata dabara. In ka aza ta a wurin da ba ta motsi, ka bar idonta a buɗe ɗan jim, ruwa mai gudu zai fito a kati kamar audugar da aka shiɓe. Ya hau jirgi abinsa, ya bar ni da ciwo.

Ruwan duwatsunmu baƙo ne, ba ya zama. Sai marka ta kankama, an kwana ana tsugawa, sannan duwatsun Tsafe su saki ƙoramu su zubo ta tsagi, fari fat, da ƙugi kamar jirgin ƙasa. Kafin azahar sun ɗauke, wanda ya makara sai jiƙaƙƙen dutse. Duk safiyar da ta zo a haka, garƙame shago nake yi in tare mota. Masu kawo ɗinki su zo, maƙwabta su ce musu, "Ya tafi gaida ruwa."

A gulbin Bungudu na fara, inda ruwa ke karo da duwatsu. Mata masu wanki suka gyara ɗankwali suka jeru, na roƙe su su ɗan gusa. Wata tsohuwa ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Malam, ruwa za ka ɗauka ka bar mutane? Allah shi ba ka lafiya." Na ce amin, Inna.

Mai wanke mini fim taubashina ne, ɗan kawuna, mai shagon hoto kusa da tasha. Tun muna yara kowannenmu ke cewa ɗayan ne bawa, har ya bar duniya ba a raba gardamar ba. Na kai masa fim ɗin Bungudu, na koma karɓa, ya miƙo mini kati ɗaya tak, wanda wani makiyayi ya gifta ciki.

"Ina sauran?"

"Sun lalace. Ba kowa ciki."

Ashe ka'idar masu wankin hoto ce. Su ɗaga fim wajen haske, inda suka ga kan mutum su fitar a kati, inda babu su ce yatsa ne ya danna bisa kuskure. Har ya yanke su ya zubar, yana jiran in gode masa.

Damina na shirin ƙarewa aka yi wani ruwa mai nauyi, na san shi ne na ƙarshe. Na isa Tsafe da hantsi, na hau da rarrafe, santsi ya ɗaye mini gwiwa. Ruwan na saukowa ta tsakanin wasu duwatsu biyu, feshinsa na dukan fuska. Na aza kyamara kan dutse, na tokare ta da hulata, na riƙe numfashi na danna. In wannan ya bi sahun na Bungudu, sai baɗi, in da rai.

Wannan karon da na kai wa taubashi fim, ban ajiye na tafi ba. Na tsaya har fim ya bushe. Ya ɗaga shi wajen ƙofa, ya kanne ido ɗaya.

"Bawa, hannunka ya yi rawa."

"Dubi dutsen, shi ma rawa ya yi?"

"To ruwan ya yi rawa. Ni kau ba ni fitar da rawa da sunan shagona. Mi mutane za su ce?"

Ya nuna labulen da yake tsayar da mutane a gabansa. An zana masa bene da jirgin sama da wani ruwa shuɗi mai zubowa, irin wanda ba a taɓa gani a ƙasar nan ba. "Ga ruwa nan mai natsuwa. Zamna in ɗauke ka, ka huta da hawan dutse."

Na ce to. Na zauna kan kujerar, na miƙe ƙafa, na ce ba mai tayar da ni sai na ga katina. A waje ga wani dattijo mai niyyar aikin Hajji yana jiran hoton fasfo, ga sabon ɗan sanda da kakinsa ya sha guga. Kujera ɗaya ce a shagon. Taubashi ya yi lallashi, ya yi zagi, ya kira sunan kakarmu. Dattijon ya leƙo ya ce, "Yaro, ka wanke mashi abinai mana, ko hoton aljani na. Rana na yi."

Taubashi ya shiga ɗakin duhu yana ƙunƙuni. Da ya fito sai ya kafa sharaɗi: ba zai buga hatimin shagonsa a bayan katin ba.

Gaskiya gefe ɗaya ya yi duhu, bakin hulata ma ya leƙo ta ƙasa. Amma ruwan ya fito yadda nake so, laushi kamar ka sa hannu ka ɗebo. Ya naɗe shi a tsohuwar jarida ya tura mini, ya rage murya.

"In an tambaye ka, ka ce Zariya anka wanke shi."

Na kafe shi a shagona saman keken ɗinki. Wani ya ce gemu ne, wani ya ce hayaƙi. Duk wanda ya tsaya kallo, ko bai tambaya ba, sai na faɗa masa wanda ya wanke, har da kwatancen shagon. Kafin Juma'a ta zagayo, 'yan tasha sun daina kiransa mai hoto. Suka koma ce masa mai wankin ruwa.