Ranar da Na Kai Inna Gida a Motar Amare

Kawuna, ƙanin mahaifiyata, abu ɗaya ya taɓa roƙona a duk zamanmu da shi, shi ɗin ma ban iya yi masa ba. A harabar asibiti a Daura ya roƙa, wata ranar damina bayan la'asar, matarsa ba ta daɗe da cikawa ba. Ya ce in kai masa ita gida a bas ɗina, in shiga da ita gari a hankali, kada kowa ya ɗago kai. Mu duka Inna muke ce mata. Mace ce da ko gaishe ta ka yi a cikin mutane sai ta ja mayafi ta rufe rabin fuska. Ta yi shekara da shekaru a ƙauyensu, can gaba da Babban Mutum, amma akwai maƙwabta maza da ba su san muryarta ba. Na ce masa an gama, Kawu.

To, sai dai a san irin motar da ya roƙa. A shekarun nan an tsananta kan kiɗa a wajen biki a garuruwanmu, makaɗa da yawa sun rataye ganga. Amma mutum ba ya rasa hanyar nuna murna. Da aka hana kunne, sai aka koma ba ido abinci, mu direbobi muka shiga gasar fitilu. Ni kuwa na fi kowa zaƙewa. Akwai jajaye a goshin mota, shuɗaye a ƙarƙashinta masu haska ƙasa, koraye zagaye da gilashin baya, ga wasu 'yan ƙanana a jikin lamba masu bin juna a guje. Da makunnai suka yi yawa har ina rasa wanne ne na wanne, sai rewaya, mai gyaran wutar mota a bayan tasha, ya haɗa mini su duka a 'yar akwati guda a ƙarƙashin sitiyari, har da fitilar gaba. Ni da shi muka yi ta yaba kanmu. Daga Daura har Sandamu, in dai za a kai amarya, ni ake nema, kwalliya kuwa ta biya kuɗin sabulu. Yara suka sa wa bas ɗin suna motar amare.

A farkon daminar ruwa ya shiga akwatin, maɓallan suka daina jin magana. Abu ɗaya ya rage: in ka kunna fitilar gaba, duk sauran su tashi suna rawa, in ka kashe su mutu tare. Ban ɗauke shi matsala ba. Fasinja ma dariya suke yi, 'yan kamasho suna ce mini ango.

Ranar rasuwar Inna muka cire kujerar tsakiya, aka shimfiɗa tabarma, aka kwantar da Inna a lulluɓe da zanenta. Babbar 'yarsu ta zauna kusa da kanta, Kawu ya zauna gaba kusa da ni da carbi a hannu. Sai da muka bar gari, na ga hadari ya haɗo daga gabas, sannan akwatin ya faɗo mini a rai. Na taka mota don in riga duhu isa, sai Kawu ya ɗora hannu a gwiwata ya ce in bi a sannu, ramuka na jijjiga ta. Na sassauta, ina kallon rana tana tafiya.

Mun tsaya mun yi magariba a bakin hanya. Da muka tashi ban kunna fitila ba. Na manna fuska da gilashi ina bin bakin kwalta da ido, ina fata Kawu bai lura ba. Bayan mun sauka kan burji, yayyafi ya fara, sai ga amalanken shanu a gabana kamar daga ƙasa ya tsiro. Na taka birki da ƙarfi, na ji 'yar ta yi salati a baya tana riƙe gawar kada ta zame. Kawu ya juyo ya tambaye ni ko fitilar ta lalace ne. A nan na faɗa masa yadda abin yake, ina in'ina kamar wanda aka kama da hannu a tukunya.

Ya tambaya ko ba a iya cire wayar fitilun kwalliyar. Na ce in na cire, ta gaba ma ta mutu, don duk uwarsu ɗaya, ni kuma ban san wacce waya ce ta wacce ba. Na fita cikin yayyafi na ɗebi taɓo na shafe duk fitilar da hannuna ya kai, na ɗaura tsumman goge mota a kan jajayen goshi. Na dawo na kunna. Na ɗan lokaci abin ya rufu, sai ɗan shuɗi a ƙasa. Ba mu yi nisa ba ruwa ya ƙaru ya wanke taɓon tas, iska ta ɗauke tsumman. Na ga ja da kore suna wasa a fuskar Kawu, suna wasa a kan zanen da aka lulluɓe Inna.

Na kai hannu zan kashe, ya riƙe ni.

"Bar ta, ɗana. Gawa ɗaya muka ɗauko, kada mu kai huɗu."

Da muka hango bishiyoyin bakin ƙauyen ruwa ya ɗauke. Na yi niyyar kashewa in lallaɓa a duhu, amma hanyar gidan Kawu lungu ce mai kwata, ga kududdufi ya cika ya taɓo hanya. Ban ma gama shawara ba aka hango mu. Mutanen gidan sun san da rasuwar, an buga musu waya, amma bakin gari ba kowa ya ji ba. Yara suka fito daga ko'ina suka bi mu a guje suna ihun ga amarya, ga amarya. Na leƙa ta taga ina daka musu tsawa, su kuwa suka ɗauka wasan da na saba yi musu ne, suka ƙara murya. Wata mata ta leƙo ta kan danga ta rangaɗa guɗa, wata ta amsa mata daga gidan gaba. A bayana 'yar Inna ta fashe da kukan da ta riƙe tun daga asibiti. Kawu kuwa, carbin ne ya tsaya a hannunsa.

A ƙofar gida dattawa na zaune a kan tabarmi, liman na tsakiya. Haka na tsaya a gabansu, fararen rigunansu suna komawa ja, suna komawa shuɗi. Na murɗa makulli komai ya mutu, yaran suka yi tsit da suka ga abin da ake saukewa. Ban taɓa jin kunya irin ta wannan lokaci ba, na so ƙasa ta tsage in shige. Ban iya kama tabarmar an shiga da ita da ni ba. Na tsaya a jikin mota, hannuna duk taɓo, har wani tsoho ya miƙo mini buta.

Da safe aka kai ta. Kafin sadakar uku na je wajen rewaya na sa ya fizge akwatin da duk 'ya'yansa, amma da na sani ƙeya ce. Kawu har ya koma ga Allah bai taɓa tayar mini da maganar ba. In na je gaishe shi sai ya tambayi mota da hanya, ya sa mini albarka. Da ya zage ni ko sau ɗaya, da na fi samun sauƙi.

Shekaru sun wuce, na sake mota, furfura ta fito. Wata rana a tasha wani saurayi ya ba ni saƙon buhun taki in kai ƙauyen. Yana yi mini kwatance, ya ce in na shiga gari kada in wahalar da kaina, in tambayi gidan matar da aka kawo gawarta a motar amare, ko yaro zai nuna mini, gidansu na kallonsa. Na tambaye shi ko ya san matar. Ya ce a'a, yana ƙarami aka yi, shi dai abin da ya sani game da ita ke nan, kuma yana cikin waɗanda suka bi motar da gudu. Ya yi dariya, ya ce ko zan gane wurin.

Na ce masa zan gane.