Audugar Inna a Bayan Ɗaki

Kafin Turawa su kawo irinsu, mu a Gazara audugarmu ba ta mutuwa da rani. Dasa ta ake a bayan ɗaki ta shekara biyar tana ba da kaɗa. Innata tana da guda ɗaya da ta fi ni tsawo. Da Inna ta rasu na tsinke ƙwallayen audugar, na gurje, na zo gidan mijina da anguryar na shuka. Ita ce kaɗai gadona, da mazari ɗaya mai tsagaggen gindi.

Shekara ta uku da aurena aka fara raba angurya kyauta a ƙofar dagaci. Maza suka yi ta murna, gonakin dawa suka koma fari fat, jakuna na ɗauka zuwa Makarfi a auna. Ni abin da ya dame ni shi ne dalilin kyautar. Na tambayi maigida, ya ce in bar shi ya ci tuwonsa.

Sai ga doka, wai da an gama tsinka a tuge kowace auduga a ƙone, har ta bayan ɗaki. Mai unguwa ya shigo gidanmu da malamin gona, wani siririn mutum mai littafi a hammata. Ina bayan zana na kasa haɗiye maganar.

"Malam, ranka ya daɗe, me ta yi muku? Ta uwata ce."

"Uwargida, tsutsa ce ke yin rani a cikinta. Damina na sauka ta bi gonakin mutane."

"Ka gan ta da idonka?"

Maigida ya yi gyaran murya, ni kuwa ko a jikina. Malamin ya yi dariya ya ce in duba da kaina, za su dawo jibi.

Suna fita na ɗauko wuƙa. Niyyata in ƙaryata malamin. Ƙwallo na farko lafiya lau. Na biyu na tsaga, sai ga ta a naɗe, 'yar ja-ja, ba ta kai ƙwayar shinkafa biyu ba. Na daɗe ina kallonta a tafin hannuna, ina mamakin ta inda ta shiga, don babu huda ko ɗaya a bawon. Haushi ya kama ni, saboda mutumin ya fi ni gaskiya.

Ban jira jibi ba, da hannuna na sare audugar na cinna mata wuta. Amma sai da na zaɓi angurya cikin tafi, masu ƙiba, na zuba a gora na toshe da tsumma na rataye a ɗaki. Ban gaya wa kowa ba.

Ruwan farko na sauka na zazzage goran a faifai. Na ɗauki ɗaya na matsa, ta fashe, ba komai ciki sai gari. Na bi su ɗaya bayan ɗaya har ta ƙarshe. Ashe tare na rufe su da tsutsar, duk ranin nan ni nake gadinta tana cin gadon Inna.